Psycho Mantis: Bos Ɗin da Ya Tayar da Ɗan Wasa Daga Wurin Zamansa

Duk wanda ya taso yana kallon finafinan Indiya ko na 'yan Chana ya san bos. Shi ne mugun da ake ajiyewa sai can ƙarshe, wanda sai jarumi ya gama da yaransa ɗaya bayan ɗaya kafin ya kai gare shi. Masu buga gem ma kalmar da suke amfani da ita ke nan. A wasan bidiyo, bos shi ne babban abokin gaba da ke tare hanya a ƙarshen wani mataki. Jininsa ya fi na kowa yawa, dukansa ya fi na kowa zafi, kuma ba ka wucewa gaba sai ka kai shi ƙasa. An ƙirƙiri dubbansu, akasarinsu kuma da ka wuce su shi ke nan, ko sunansu ba ka ƙara tunawa. Wanda zan yi nazarinsa a nan ya haura shekara 25 ana ba da labarinsa, alhali in ka san lagonsa 'yan mintoci sun ishe ka gamawa da shi. Sunansa Psycho Mantis, yana cikin gem ɗin Metal Gear Solid.

Gem ɗin da injin da aka yi shi dominsa

Kamfanin Konami ne ya fitar da Metal Gear Solid a kan injin PlayStation a Japan ranar 3 ga Satumba, 1998. Ya isa Amurka a watan Oktoba na shekarar, Turai kuma a Fabrairun 1999. Hideo Kojima ne ya jagoranci aikin, Yoji Shinkawa ya zana mutanen ciki. Faifai biyu ne, kuma an sayar da fiye da kwafi miliyan 6 a duniya. Labarin yana faruwa ne a shekarar 2005 a wani ƙagaggen tsibiri mai suna Shadow Moses a yankin Alaska, inda wata runduna ta musamman mai suna FOXHOUND ta yi tawaye ta ƙwace wurin ajiyar makaman nukiliya. Aka aika tsohon sojan rundunar, Solid Snake, ya shiga shi kaɗai. Wasan na sanɗa ne. Ana so ka wuce masu gadi ba tare da sun gan ka ba, ka ɓuya a bayan bango ko a cikin kwali, kana karɓar umarni daga Kanar Roy Campbell ta wata 'yar rediyo da aka dasa maka a kunne.

Ba za a fahimci faɗan Mantis ba sai an san injin da kansa. PlayStation na farko wani akwati ne mai launin toka da murfi a sama, ya fito a Japan a Disambar 1994. A gabansa akwai rami biyu da ake cusa wayar hannun gem, wato abin da ake riƙewa ana sarrafa wasa da shi, na farko na ɗan wasa na ɗaya, na biyu na abokin bugawarsa. A saman kowane rami akwai wurin saka katin memori, wanda yake ɗaukar kilobayit 128 kacal, an raba shi gida 15. A kan katin nan kake adana inda ka tsaya a duk gem ɗin da kake bugawa. A ƙarshen 1997 kamfanin Sony, mai PlayStation, ya fito da sabon hannu mai suna DualShock, wanda aka saka wa ƙananan injina biyu masu juya wani ɗan nauyi da ba a daidaita shi a tsakiya ba, shi ya sa hannun ke ɓari in sun tashi. Sai talabijin, wadda ake haɗa ta da injin ta waya mai kai uku, rawaya da fara da ja. In ka koma tashar da ke karɓar hoton, da yawa daga talabijin na zamanin sukan rubuta VIDEO da koren rubutu a kusurwar sama.

Rami biyu, katin memori, ɓarin hannu, da koren rubutu a kan baƙar fuskar talabijin. Kayan faɗan Mantis ke nan, kuma babu ko ɗaya a cikinsu da ke tsibirin Shadow Moses. Duk a ɗakin ɗan wasa suke.

Kojima bai auka wa mutane da wannan kwatsam ba. Tun kafin a kai ga Mantis ya ɗan ɗana musu. Bayan faɗa da Revolver Ocelot, ɗaya daga cikin 'yan tawayen FOXHOUND, wani dattijo da aka yi garkuwa da shi, Kenneth Baker, yakan ce wa Snake ya nemi wata matashiyar soja mai suna Meryl ta rediyo, amma ya manta lambarta, sai dai a duba bayan kwalin faifai. Mutane da yawa sun yi ta bincike cikin jakar Snake suna neman kwalin. Ashe kwalin da aka sayo gem ɗin a ciki ake nufi, wanda ke yashe a gefen talabijin. A bayansa akwai ɗan hoto da ke nuna Meryl da lamba 140.15. Faifan da ya fara zuwa hannunmu a unguwa a cikin leda ya zo, babu kwali babu takarda, sai muka wuni muna bin lambobi ɗaya bayan ɗaya har muka dace. A lokacin ba mu gane cewa koya mana wani abu ake yi ba: amsar tambayar wannan gem tana iya kasancewa a waje da talabijin.

Abin da ya faru a ofishin kwamanda

Snake ya haɗu da Meryl a hawan ƙasa na ginin da ake ajiye kawunan makaman nukiliya. Suka fito farfajiya za su nufi ofishin kwamanda, domin ta nan hanyar arewa take. Meryl ta lura babu mai gadi ko ɗaya. Shi kuma Snake ya tambayi ina kiɗan ya tafi. Wannan 'yar tambaya tana da nauyi, domin kiɗan da ke tashi a bayan fage na ɗan wasa ne, bai kamata a ce mutumin cikin labari yana jin sa ba. Daga nan wani sauti mai sanyaya jiki ya maye gurbinsa. Meryl ta dafe kai tana kukan ciwo, muryarta ta sauya, ta buɗe ƙofa ta ce kwamanda yana jira.

A ciki, ofis ne na alfarma, da katon tebur da kujeru da hotuna a bango da gumakan ado da kantar littattafai. Meryl ta ɗaga bindiga ta auna Snake, tana tafiya kamar wadda ake ja da zare. A bayanta wata inuwa tana shawagi a iska. Kanar ya kira da sauri ya ce kada a harbe ta, ba a hayyacinta take ba, a sumar da ita kawai. In ka kashe ta wasa ya ƙare. Saboda haka abu na farko da wannan faɗa ya sa ka yi shi ne ka ajiye makami ka ɗaga hannu a kan wadda ka zo karewa, ko ka jefa gurnetin da ke sumarwa. Sai ta faɗi sannan mai jan zaren, Psycho Mantis na rundunar FOXHOUND, ya bayyana. Dogo ne, ramamme kamar ƙoƙi-ƙoƙi, ƙwaron da aka sa masa sunansa, sanye da baƙaƙen kayan fata da takunkumin kariya daga iskar guba, yana numfashi da ƙyar ta cikinsa.

Bai kai hari nan take ba. Ya ce zai fara nuna ikonsa, zai karanta halinka. Sai ya shiga faɗar yadda ka buga wasan tun daga farko. In masu gadi sun sha ganin ka, zai ce kai mai sakaci ne. In ba su cika ganin ka ba, zai yaba taka-tsantsan ɗinka. Zai faɗi yadda kake a fagen faɗa da yadda kake da tarko. Zai duba yawan adana wasan da ka yi, ya ce maka mai ganganci in kaɗan ne, ko mai tsantseni in da yawa. Daga nan sai ya ce zai nutsa can cikin ƙwaƙwalwarka. In akwai ajiyar wasu gem na Konami a katinka, zai kira sunansu da bakinsa. A bugun Amurka akwai Castlevania: Symphony of the Night da Suikoden da Azure Dreams da Vandal Hearts a cikin waɗanda yake ganewa. A bugun Japan, in ya tarar da Snatcher da Policenauts tare, waɗanda duka aikin Kojima ne, sai a ji muryar Kojima da kansa yana gode wa ɗan wasa. In bai tarar da komai ba, sai ya ce ƙwaƙwalwarka fayau take.

Ka sa kanka a matsayin yaron da ke zaune gaban talabijin a 1998. Babu wanda ya taɓa gaya masa gem ɗaya zai iya sanin abin da ya yi a wani gem. Ga wani mai takunkumi yana kallon sa ta cikin gilashi yana faɗa masa abin da ya buga makon jiya shi kaɗai a ɗaki.

Bai tsaya nan ba. In hannun da kake riƙe da shi DualShock ne, Mantis zai ce ka ajiye shi a ƙasa, ka shimfiɗa shi sosai, zai motsa shi da ƙarfin tunani kawai. Ya miƙa hannunsa, injinan ciki suka tashi, hannun gem ya kama ɓari yana ɗan ja da kansa a kan daɓe. Ya wurga hannu hagu, ya wurga dama, ɓarin yana bin sa. Abin lura a nan shi ne mutane sun bi umarnin. Abokin gaba ya ce ka ajiye makaminka na gaskiya, abin da kake sarrafa Snake da shi, kuma ka ajiye.

Ana fara faɗa sai ya yi ihu da kalmar Turanci mai nufin ɗaukewar wuta, fuskar talabijin ta yi baƙi ƙirin, wani ɗan ƙara ya tashi, koren rubutu ya fito a kusurwar sama. Kallo ɗaya za ka yi masa ka ɗauka VIDEO ne, wato hoton gem ya yanke, waya ta zare ko inji ya mutu. Sai ka ƙura ido za ka ga HIDEO aka rubuta, sunan mai gem ɗin. Bayan daƙiƙa kaɗan hoto ya dawo. A gidan da aka saba da ɗauke wuta da wayar da sai an tokare ta da takarda take kamawa, wannan dabara tana shiga jiki fiye da yadda mai ita ya zata. Kafin ka yi tunani ka riga ka miƙe za ka taɓa waya.

Faɗan da kansa yana tafiya ne kamar haka. Mantis yana shawagi, yana ɓacewa yana bayyana, yana tayar da kujeru su kewaye shi suna juyawa, yana jefo hotunan bango da kayan adon ɗaki da wani dunƙulen ƙarfi da ke biyo ka. Ka auna shi da ƙaramar bindigarka SOCOM ko da FAMAS, kafin harsashi ya isa ya goce, yana dariya yana cewa yana karanta duk abin da za ka yi. Tabarau mai ganin zafin jiki yana nuna maka inda yake in ya ɓace, amma ganin sa daban, samun sa daban. In ka danna maɓallin da ke nuna maka abin da idon Snake ke gani, sai ka ga ɗakin ta idon Mantis, kana kallon kanka daga nesa. Hatta ganinka ya ƙwace. Harsasai suna ƙarewa, abincin da ke mayar da jini yana ƙarewa, ma'aunin jininsa kuwa da ƙyar yake motsi.

Mafita tana gaban injin. Ka tashi, ka zare wayar hannun daga rami na ɗaya, ka cusa ta a rami na biyu. Shi ke nan. Mantis yana sauraron ramin ɗan wasa na ɗaya ne, da ka koma na biyu ya makance. Sai ka ji muryarsa ta canza, yana ihu cikin firgici cewa ya kasa karanta ka, yana tambayar dalili. Harsashi ya fara shiga. Da ya ga jininsa yana tafiya sai ya sake tayar da Meryl, daga baya har ya sa ta ɗora bakin bindiga a kanta, dole ka bar shi ka ruga ka sake sumar da ita kafin ta ja kunama. Wanda bai gano sirrin ramin da kansa ba, in ya yi ta kiran Kanar a rediyo, a ƙarshe Kanar zai faɗa masa. Wanda kuma raminsa na biyu ya lalace, an tanadar masa wata hanyar: bayan ya mutu ya dawo, Kanar zai ce ya harbi gumakan da ke gefen ɗakin, masu kamannin Mantis, har naɗin da ke fuskarsu ya cire, domin Mantis ba ya ƙaunar ganin kamannin fuskarsa, in ya gani hankalinsa yakan rabu.

Abin da ke ƙarƙashin siddabarun

Ta fuskar fasaha babu abin mamaki ko kaɗan. Kowace ajiya a katin memori tana da suna, kuma sunan yana ɗauke da lambar gem ɗin da ya yi ta. Duk gem da ke son adana wani abu dole ya duba jerin sunayen nan don ya san ko da sauran gida. Abin da masu Metal Gear Solid suka ƙara shi ne su kwatanta jerin da wasu lambobin gem na kamfaninsu, su naɗi murya ga kowanne. Yawan ganin da masu gadi suka yi maka da yawan mutuwarka da yawan adanawarka kuwa, gem ɗin yana ƙirga su tun farko, domin da su yake ba ka matsayi in ka kammala. Ɓarin hannu umarni ne da kowane gem zai iya bayarwa. Baƙar fuska da koren rubutu hoto ne kawai. Sauraron rami na biyu abu ne da kowane gem na ƙwallo ke yi kullum.

Wannan shi ne abin da ya fi burge ni a lamarin. Kayan aikin suna gaban kowa, kamfanoni da yawa suna amfani da su kullum, amma kowa ya ɗauke su a matsayin kayan hidima, kamar yadda ba wanda ke kallon ƙyauren ɗaki a matsayin abin wasa. Sai aka sami waɗanda suka tambayi kansu: in mutum yana karanta zuciya, a cikin gem ina zuciyar take? Ƙwaƙwalwar ɗan wasa katin memori ce. Niyyarsa kuma tana bi ta waya ta shiga rami na ɗaya kafin Snake ya motsa. Wanda ya zauna a bakin ramin nan, lallai zai san abin da za ka yi kafin ka yi. Da ka fahimci haka, amsar ta zama mai ma'ana: ka sauya hanyar da niyyarka ke bi.

Ba Kojima ne ya fara taɓa injin ɗan wasa ba, kuma bai kamata a ba shi abin da ba nasa ba. A gem ɗin X-Men na Sega da ya fito a 1993, akwai matakin da ba a wucewa sai ka ɗan taɓa maɓallin sake kunna injin. Shi kansa Kojima, a Metal Gear na farko na 1987, ya sa kwamandan da ya ci amanar Snake ya umarci ɗan wasa ya kashe kwamfutarsa. Bambancin Mantis shi ne dabarun ba a manne suke a jikinsa ba, su ne shi. Cire karatun memori da ɓarin hannu da sauya rami, babu sauran mai karanta zuciya, sai wani siriri mai jifa da kujeru. Fim zai iya gaya maka wane yana da wannan baiwa, ya nuna maka yana gwada ta a kan wani. A nan a kanka aka gwada.

Kuma jerin yadda abubuwan suka zo an tsara shi da hankali. An fara da kiɗa, abin da kake ji. Aka koma kan Meryl, wadda ka fara damuwa da ita. Aka shiga katinka, aka taɓa abin da ke tafin hannunka, aka kashe maka talabijin, aka ƙwace ganinka. Kowane mataki yana matsowa kusa da jikinka fiye da na baya. In an zo ƙarshe, hankalinka ya riga ya bar tsibirin ya dawo ɗakin da kake zaune, wato daidai inda amsar take. Wanda ya gano ta da kansa, an yi masa jagora ne ba tare da ya sani ba.

Inda ya gaza

Ba zan ɓoye raunin faɗan ba. In aka cire mamakin, abin da ya rage ba shi da zurfi sosai. Hare-haren Mantis 'yan kaɗan ne kuma suna maimaituwa, yawancinsu kwanciya a ƙasa ko kewaya tebur ya ishe ka kauce musu. Faɗan Vulcan Raven, wani bos na gem ɗin, a ɗakin sanyi, inda kake dasa nakiya kana bin sa a tsakanin kwantenoni, ya fi shi buƙatar dabara, kuma ya fi daɗin maimaitawa. Na Mantis sau ɗaya yake cin mutum.

Sannan akwai batun adalci. Mutane da yawa ba su gano sirrin ramin da kansu ba. Ko dai Kanar ya faɗa musu, ko aboki, ko mujallar gem. Wanda ba ya yawan kiran rediyo zai iya shafe sa'a guda yana shan wahala bai san laifinsa ba. Karatun memorin ma bai yi aiki ga kowa ba. In ba ka da gem na Konami a katinka, mafi shaharar ɓangaren ya wuce ka. Akwai kuma ƙamshin talla a ciki, tunda kayan kamfaninsu kaɗai yake yabawa. In hannunka tsoho ne marar ɓari, ba za a ma nuna maka wancan ɓangaren ba. Mutum biyu za su iya buga faɗa ɗaya, ɗaya ya fito jikinsa na rawa, ɗayan ya rasa abin da ake zuzutawa.

Bayan ya faɗi

Da a ce faɗan ya ƙare da faɗuwarsa, da sai a ce wayo ne kawai. Abin da ya biyo baya shi ya ba shi nauyi. Mantis yana kwance yana numfashin ƙarshe, Snake ya cire masa takunkumi, aka ga fuska mai tabon ƙuna da ɗinki, har Meryl ta kau da kai. Ya ba da labarinsa. Mahaifiyarsa ta rasu wajen haihuwarsa. Zuciyar da ya fara karantawa a duniya ta mahaifinsa ce, kuma abin da ya tarar a ciki ƙiyayya ce gare shi. Tsoro ya kama shi cewa uban zai kashe shi, ƙarshenta ƙauyen gaba ɗaya ya ƙone. A wasu hirarrakin rediyo an riga an gaya maka ya yi aiki da hukumar leƙen asirin Tarayyar Sobiyet, KGB, bayan rushewarta ya koma Amurka ya yi aiki da FBI yana shiga zukatan masu kisan gilla, har ya nutse a ciki ya kasa fitowa yadda ya shiga.

Takunkumin ma ashe ba don tsoratarwa yake saka shi ba. Yana tare masa tunanin mutane ne, wanda ke kwararowa kansa ko yana so ko ba ya so. Shi ya sa ya roƙi a mayar masa da shi, yana so ya mutu shi kaɗai a cikin kansa. Nan ne duk abin da ya yi maka ya sake ma'ana. Mintoci kaɗan ka yi wani yana leƙa cikinka ba da izininka ba, ka ji yadda abin yake da tayar da hankali. Shi kuwa tun yana yaro duniya ce gaba ɗaya ke shiga kansa ba sallama. Lokacin da ka sauya rami ya yi ihun ya kasa karanta ka, wataƙila shi ne karo na farko da ya tsaya gaban mutum bai ji komai ba. Kafin ya cika, ya ture kantar littattafai da ƙarfin tunaninsa ya buɗe musu ɓoyayyiyar hanya, ya ce wannan ne karon farko da ya yi amfani da baiwarsa ya taimaki wani. A fassarar Turanci ta farko ya ce abin da daɗi. A asalin Japananci kuwa kalmar tana nufin jin wani abu da ka taɓa sani tun da daɗewa kake kewarsa, kuma ita ce ta fi dacewa da yaron da bai san uwarsa ba.

Da injin ya sauya

Faɗan da aka ɗinka a jikin inji ɗaya, in injin ya tafi sai ya zama kamar rigar da aka ba wanda ba mai ita ba. Da aka kai gem ɗin kwamfuta a 2000, babu rami na biyu, sai aka ce a koma bugawa da allon madannai. A 2004 aka sake gina shi a GameCube, injin kamfanin Nintendo, da sunan The Twin Snakes. Wannan ya yi sa'a, domin injin yana da katin memori da rami huɗu, sai Mantis ya koma kiran Super Mario Sunshine da Super Smash Bros. Melee da Eternal Darkness, kuma yakan biyo ka ramin da ka koma har sai ka sake sauyawa. A 2018 Sony ya fito da ɗan ƙaramin PlayStation Classic mai gem 20 a ciki, har da wannan, amma hannayen da aka haɗo da shi ba sa ɓari. A Master Collection, tarin tsofaffin gem na Metal Gear da ya fito a Oktoban 2023, sai ka dakatar da wasa ka shiga wani jerin zaɓi ka ce a ɗauke ka a matsayin hannu na biyu, kuma an ba ka damar ƙirƙirar ajiyar bogi ta tsofaffin gem na Konami don Mantis ya sami abin karantawa. Na yaba da ƙoƙarin, domin ya fi a bar abin ya ɓace. Amma kai ne ka zuba masa abin da zai faɗa maka, kuma ba ka tashi daga kujera ba.

Kojima ya ci gaba da irin wannan tunani. A Metal Gear Solid 3 na 2004 akwai tsohon maharbi mai suna The End, wanda in ka adana wasa a tsakiyar faɗa ka bar shi mako guda, ko ka tura agogon injin gaba, za ka dawo ka tarar tsufa ya kashe shi. Wasu ma sun bi sawu. A Batman: Arkham Asylum na 2009 akwai inda hoto ke daskarewa kamar inji ya lalace, a Undertale na 2015 kuma akwai bos da ke rufe gem ɗin da kansa.

Kojima ma ya san abin da zamani ya yi wa Mantis, har ya saka shi a cikin labari. A Metal Gear Solid 4, wanda ya fito a PlayStation 3 ranar 12 ga Yuni, 2008, Snake ya tsufa, yana faɗa da wata mai suna Screaming Mantis. In ka tuna tsohuwar dabara ka sauya lambar hannunka, za a kira ka a rediyo a ce wannan karon ba za ta yi aiki ba. Bayan ta faɗi sai fatalwar Psycho Mantis ta taso daga sulkenta, ya ce zai sake nuna ikonsa kamar da. Ya nemi katin memori bai samu ba, domin sabon injin a cikinsa yake adana komai. Ya ce a ajiye hannu a ƙasa. PlayStation 3 ya fito ne a 2006 da hannu mai suna Sixaxis wanda ba ya ɓari, a daidai lokacin da Sony ke shari'a da kamfanin Immersion a kan fasahar ɓarin. In shi kake riƙe da shi, Mantis zai yi ta ƙoƙari babu abin da ya motsa, ya yi kururuwar takaici. In kuwa DualShock 3 ne, wanda ya fito bayan an sasanta shari'ar a 2007, hannun zai kama ɓari a kan daɓe kamar yadda ya yi shekara 10 kafin nan, ya yi shewa yana murnar ɓari ya dawo, sannan ya ɓace.